Gwiwa Ɗaya a Kan Laka

Ranar Talata da hantsi banki ya kira Hajiya Sabuwa. Aka zaunar da ita a kujera mai laushi, aka ba ta ruwan sanyi, sannan aka gaya mata cek ɗin da aka biya ta kuɗin riɗi da shi na bogi ne, asusun da ke jikinsa an daɗe da rufe shi. Ta nuna musu saƙon da ya shigo wayarta ranar Juma'a. Ma'aikacin ya girgiza kai, ya ce wannan saƙon shaida ce kawai cewa an ajiye takarda, kuɗi ba sa zama nata sai bankin mai cek ɗin ya amsa, shi kuwa ya ce bai san da zancen ba.

Kafin ta dawo, labari ya riga ta isa kasuwar hatsi ta Birnin Kudu. Kowa ya san riɗin ba nata ba ne, na manoman Dingaya da Maruta ne, waɗanda tun mijinta na da rai suke zuba mata kaya bisa amana, ta sayar ta kai musu haƙƙinsu. Abin da ta mallaka a duniya shago ɗaya ne da tsohuwar motar kaya guda ɗaya. In kayan ba su fito ba, motar za a sayar a biya manoma, direbanta Munzali kuma, wanda 'yan sanda suka riga suka ɗauke, ya wuce gidan yari.

Mutanen kasuwa ba su wahalar da kansu da bincike ba. Kafin azahar sun yi shari'a sun yanke hukunci a teburin mai shayi. Wasu suka ce Munzali ne, ai ya yi sabuwar waya. Wasu suka ce Ashiru dillali ne, tunda shi ya kawo baƙon.

Malam Maliki ba ya cikin masu wannan shari'a, don ba a kiransa hira. Mai bin sawu ne, sana'ar da ya gada wurin mahaifinsa. Ya fara da shanun sata, zamani ya kai shi ga babura da tayoyin mota. In an yi asara kowa ya san ƙofar gidansa, in ana zaman lafiya kuwa sai hanyar ta ɓace wa mutane. Idan ya doso majalisa za ka ga manya masu gemu suna janye ƙafafu suna cusa su ƙarƙashin riga, har waɗanda ko allura ba su taɓa ɗauka ba. Matarsa ta rasu, 'yarsa tana aure a Kano. Shi ke dafa shayinsa, shi ke shanyewa, kuma kaɗaicin yana cin sa ƙwarai, ko da yake bai taɓa faɗa wa kowa ba.

Mutum ɗaya ne ke zama da shi, Malam Hadi, tsohon akawu mai tebur a bakin kasuwa, wanda ke rubuta wa mutane takardu yana karanta musu saƙon banki mai Turanci. Tun wani haɗarin babur gwiwarsa ta dama ta daina lanƙwasuwa. In zai yi sujada sai ya miƙe ƙafar gefe, ya sauka a kan gwiwa ɗaya, in zai tashi ya dunƙule hannu ya dogara. Ba mai son tsayawa damansa a sahu sai Maliki, wanda ya saba bar wa ƙafar ɗan fili. Kullum tare suke la'asar a ƙaramin masallacin unguwa, su fito su zauna a benci har magariba.

"Ni kaɗai nake miƙe maka ƙafa a garin nan," Hadi kan ce yana dariya. "Kuma ba jarumta ba ce, ƙin naɗuwa ta yi."

Juma'ar da ta wuce ce kaɗai bai zo ba, ya ce ta'aziyya ya je Gwaram. Ranar Maliki ya zauna a bencin shi kaɗai yana kallon awaki.

* * *

Hajiya Sabuwa da kanta ta zo ƙofar gidansa da yammacin Talatar. Ta tsaya daga soro, idonta ya yi ja.

"Malam, ka taimake ni don Allah. Mutanen nan guminsu na shekara ne. Yaron nan kuma ni na raine shi a motar, ban yarda zai ci amanata ba."

"Zauna, Hajiya. Wane ne baƙon?"

"Wani Alhaji, ya ce daga Kano. Shadda fara fat, ga ƙamshi, ga carbi. Bai yi tayin wulaƙanci ba. Da ya fito da cek na ce ni ba na karɓa. Sai ya yi murmushi ya ce ai ya sani, shi zai kai banki da kansa, kada in saki ko buhu ɗaya sai na ga alat na shigar kuɗin a wayata."

"Shi ya fara ambaton alat ɗin, ko ke?"

Ta ɗan yi tunani. "Shi ne. Ya riga ni faɗa."

"Wa ya karanta miki?"

"Malam Hadi mana, kamar kullum. Ya ce sun shiga. Shi ma bawan Allah tun safe yake salati, wai an yaudari idonsa."

Maliki ya gyaɗa kai. Ya ji tausayin abokinsa, ya ce a ransa tsufa ne, ido ya fara gajiya.

* * *

Washegari ya je ofishin 'yan sanda. A bakin ƙofa ya tarar da wata tsohuwa zaune a ƙasa da kwanon tuwo a cinya. Uwar Munzali ce, daga Sundimina ta taso. Ba ta gaishe shi ba, kallonsa kawai ta yi.

Munzali ya rame a kwana ɗaya. Ya ce tun kafin sallar Juma'a aka yi lodi, ana sallamewa suka tashi. Maimakon hanyar Kano, Alhajin ya ce a bi ta Gwaram, akwai babbar motarsa da za ta haɗe kayan da wasu. Suka saki kwalta suka shiga wani burtali, har bakin wani kududdufi mai tsamiya. Can suka sami 'yan dako baƙi, suka sauke kayan a gindin tsamiyar, aka sallame shi tun la'asar ba ta yi ba.

"Ba ka ga babbar motar ba?"

"Ban gan ta ba, Baba. Ya ce tana hanya."

"Wayar fa?"

"Adashin matata ne, ta ɗauka ta saya mini." Sai ya zauna a siminti ya turo ƙafafunsa ta tsakanin ƙarafa. "Baba, duba su da kyau. Ka je wurin ka gani. In ka ga na koma can bayan na tafi, a yanka ni."

Maliki ya duba. Ya daɗe rabon da wani ya roƙe shi ya kalli ƙafarsa.

* * *

Ashiru dillali kuwa yana hango shi ya naɗe ƙafafu a kan buhun masara, ya fara rantsuwa tun ba a tambaye shi ba.

"Wallahi, Malam, ban san shi ba! Da sunana ya zo yana nemana. Ya san riɗin Hajiya na ɗinke a buhu, ya san ranar Juma'a banki na rufewa sai Litinin. Na ce wannan ɗan gari ya aiko shi."

"La'adarka fa?"

Ashiru ya zura hannu a aljihu ya fito da wata takarda da ta sha ninki. "Ga ta nan. Ni ma cek ya ba ni, ɗan banza. Har na yi wa iyali alkawarin ɗinki."

Saura kaɗan Maliki ya yi dariya. Dillalin da ya haɗa baki da ɓarawo ba zai yarda a biya shi da irin takardar ba. Amma maganar ɗan gari ta tsaya masa a rai. Wani ya zauna ya koya wa baƙon yadda Hajiya ke ciniki, kuma wanda ya san haka ba su da yawa.

* * *

Ya hau babur ɗin haya zuwa inda burtalin ya rabu da kwalta, ya sallami mai babur ya taka da ƙafa. Kaka ce, an girbe gonaki, ba kowa sai karan dawa da 'yan kurciyoyi. Wannan ne sashen aikin da ya fi so, domin a daji ba wanda ke ɓoye masa komai.

Wurin yana nan yadda Munzali ya faɗa. Ga tayoyin motar Hajiya sun shiga da nauyi sun fita sakayau. Ga inda aka jibge buhuna, tururuwa har yanzu suna kwasar riɗin da ya zube. Ga sawun Munzali daga mota zuwa inuwa, daga inuwa zuwa mota, bai sake dawowa ba. Daga baya wata babbar mota ta zo ta taka sawun ta farko, tare da wata ƙarama. Ya bi su har kwalta, a nan suka ɓace masa. Ya dawo gindin tsamiyar ransa a ɓace.

Ƙishirwa ce ta kai shi bakin kududdufin. Ruwan ya ja baya, ya bar laka mai faɗi wadda rana ta gasa ta yi tauri. Ko'ina ƙarangiya ce da ƙaya, nan ne kaɗai wuri mai tsabta. A nan ya ga wani ya tsuguna ya yi alwala lokacin da ƙasar ke da danshi, ya matsa gaba kaɗan ya fuskanci gabas. 'Yan dako ba su yi salla ba, Alhaji mai carbi ma bai yi ba. Mutum ɗaya ne daga cikin waɗanda suka sauko daga ƙaramar motar ya ga rana ta yi sanyi ya kasa barin la'asar ta wuce shi.

Maliki ya durƙusa. Ga ramin da aka kafa sanda a gaba don sutura. Ga shatin goshi, ga tafin hannu biyu. Gwiwa ɗaya ce, ta hagu, ta nutse sosai. A dama babu gwiwa, sai dogon layin da dunduniya ta ja zuwa gefe. Kusa da shi ga gurbin dunƙulallen hannu, inda mai sallar ya dogara ya tashi.

Ya zauna daɓas a ƙasa. Bai buƙaci aunawa ba. Shekaru yana kauce wa wannan dunduniyar a sahu.

Ya daɗe a wurin. Akwai wani dutse kusa da hannunsa, kuma ya san bugu kaɗan zai mayar da lakar gari, ba wanda zai taɓa sani. Zai koma ya ce sawu ya ɓace a kwalta, wanda kuma gaskiya ne, gobe ya sami abokin zama a benci. Har ya ɗauki dutsen ya ji nauyinsa. Sai tsohuwar nan mai kwanon tuwo ta faɗo masa a rai, da ƙafafun da aka turo masa ta tsakanin ƙarafa. Ya ajiye dutsen, ya sari ƙaya ya rufe wurin don kada shanu su taka, ya yi kuka irin na tsofaffi, wanda ba sauti.

* * *

Da la'asar shi da Hadi suka yi salla tare, suka fito benci. Hadi ya miƙe ƙafa, ya buɗe ƙullin gyaɗa ya tura masa.

"Yaya sawu, mutumin? An dace?"

"Ya ɓace a kwalta." Maliki ya ɓare gyaɗa bai ci ba. "Hadi, ranar Juma'a a ina la'asar ta same ka?"

"A gidan makokin mana. Cikin jam'i ma."

"Ka tuna dai. Ni da kai ne a nan. In akwai abin da mutum zai gyara da kansa kafin gobe, ya fi sauƙi."

Hadi ya dube shi, ya yi wata 'yar dariya. "Yau kuma ni ake bi? To ga ƙafar nan, ai kullum a gabanka take."

Maliki ya jira. Ya jira har aka kira magariba, yana roƙon Allah a zuci abokinsa ya buɗe baki. Hadi ya yi ta labarin tsadar taki.

* * *

Ranar Alhamis da safe Maliki ya nemi a taru a bakin kududdufin. Aka tafi a motar Hajiya: ita kanta, da mai unguwa, da Ashiru, da manoma biyu daga Maruta, da Munzali tsakanin 'yan sanda. Maliki da kansa ya je teburin Hadi ya ce ya zo ya raka shi, ya kama hannunsa ya taimaka masa ya hau gaba. Da motar ta saki kwalta ta shiga burtali, hirar Hadi ta ɗauke.

A gindin tsamiya Maliki ya nuna musu tayoyi, ya nuna sawun Munzali. "Yaron nan ya sauke kaya ya tafi, bai dawo ba. Ashiru kuma ƙafarsa ba ta taɓa taka wurin nan ba sai yau."

"Alhamdu lillahi!" in ji Ashiru, har da fito da ƙafafun da ya cusa ƙarƙashin riga.

"To wane ne?" mai unguwa ya tambaya.

Maliki ya ja su zuwa bakin ruwa, ya janye ƙayar. Ya nuna lakar da yatsa. Mai unguwa ya sunkuya ya duba, ya ga goshi, ya ga hannuwa, ya ga gwiwa ɗaya da jan dunduniya. A masallaci ɗaya suke salla da mai ƙafar. A hankali ya ɗago ya juya, sauran ma suka juya.

Hadi yana zaune a kan saiwar tsamiya, ƙafar dama a miƙe. Maliki ya ga hannunsa ya kama bakin riga yana ja, yana ƙoƙarin rufe ƙafar. Rigar ba ta kai ba. Wannan ya fi komai yi wa Maliki ciwo.

"Malam Hadi?" in ji Hajiya. "Kai da ka karanta mini takardar gadon mijina?"

Hadi ya saki rigar. "Saƙon ya ce an ajiye cek, ba a tabbatar ba. Na gani sarai, na tsallake." Ya share fuska. "Alhajin da mutanensa sun zo tebur ɗina tun kafin girbi. Suka ce a Kano akwai likitan da ke gyara gwiwa, su za su biya. Na ce Hajiya tana da mota, za ta farfaɗo. Ban yi tunanin yaron ba, wallahi ban yi ba."

"Kayan fa?" in ji ɗan sanda.

"Suna Dingaya, a kangon gidan wana. Ni na zo na nuna musu hanya. Buhunan na ɗauke da alamar Hajiya, sai sun sauya su kafin su fitar." Ya juya wajen Maliki. "So nake in yi sujada kamar kowa kafin in mutu, Maliki. Shi ke nan abin da na so."

"Da ka gaya mini jiya," Maliki ya ce.

"Da ka fasa lakar," in ji Hadi a hankali. "Na san ka gan ta kai kaɗai."

Maliki ya kau da kai. Da za a tafi, shi ya kama hannun Hadi ya taimaka masa ya hau motar, don ba wanda ya matso.

* * *

An sami mafi yawan riɗin a Dingaya, an kama masu sauya buhu, Alhaji mai shadda kuwa ya tsere. Motar Hajiya ta tsira. Ta rantse daga ranar ko alat ya yi kuka sau nawa, ba buhun da zai bar shagonta sai ta je banki da ƙafarta an ce mata kuɗin sun zauna, kuma 'yan kasuwa da yawa suka bi bayanta. Munzali ya koma tuƙi. Uwarsa ta aiko wa Maliki da ƙwaryar fura, ya sha rabi, sauran ta yi tsami don ba wanda zai ba.

A teburin mai shayi aka yaba masa ƙwarai. Aka kuma ƙara da cewa mutumin da ya iya tona amininsa, wa zai bari? Da ya wuce ta wurin, har mai shayin sai da ya gyara tsayuwa a bayan teburinsa.

Da la'asar ya shiga masallaci, aka ta da iƙama, ya tsaya inda ya saba. Liman ya waiwayo yana duba sahu, ya ce, "Malam Maliki, a matso, a cike gurbin nan."

Maliki ya dubi hagunsa. Ya bar fili daidai miƙewar ƙafa ɗaya, bai ma san ya bari ba. Mutumin da ke can gefen ya sunkuyar da kai, bai matso ba. Shi ma Maliki bai matsa ba. Liman ya ɗan jira, sannan ya juya ya yi kabbara.